Ranar da gulbi ya karya ni, Jabo ta ɗora ni

A cikin durowar teburina, ƙarƙashin takardun jarrabawar ɗalibai, akwai wani littafin rubutu mai falle 40, irin wanda 'yan firamare ke saye a bakin kasuwa. Bangonsa ya yi laushi, gefensa ya sha zufar hannu. Ƙanwata ce ta fara rubutu a cikinsa daren da aka kwantar da ni a asibiti, matata ta karɓa ta ci gaba, har sai da ya kusa cika. Suna 314 ne a ciki. A gaban kowane suna akwai abin da mai shi ya kawo: naira 200, naira 500, naira 20,000, tiya biyu ta gero, ƙwan zabi goma, kaza, leda ɗaya ta jini. Na rubuta kundin digiri na uku, na kuma duba na wasu masu yawa, amma babu takardar da ta taɓa hana ni barci kamar wannan littafi. Labarinsa nake son bai wa mai karatu a wannan mako, musamman labarin wani suna da ke shafi na uku.

A shekarar 2022 malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aikin da ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur azuzuwa suna kulle, albashi kuma ya tsaya. Da zaman Sakkwato ya gagare ni, sai na kwashe iyalina muka koma garinmu Jabo, cikin ƙasar Tambuwal, na share gonar mahaifina na shuka gero da wake. Rabona da in yi wata guda a jere a garin tun ina ɗalibi. Shekara ashirin ina zuwa ne kamar baƙo: in iso ranar jajibirin Sallah, in raba 'yan kuɗi, in juya kafin a gama cin nama.

Babbar Sallar wannan shekara ta faɗo ranar Asabar, 9 ga Yuli. Kwana biyu bayanta na tafi gaida kawunnaina a ƙauyen su mahaifiyata, wanda ke bakin Gulbin Zamfara a ƙasar Kebbe. Wannan gulbi shi ne wanda ya ratso ta Gummi ya nufi Jega kafin ya haɗe da Gulbin Sakkwato, kuma dangin uwata Sarkawa ne, su da ruwa gado ne. A hannunsu na koyi iyo da riƙon filafili ina yaro, lokacin da akan kai ni hutu. A al'adar ƙauyen, samari kan yi tseren kwale-kwale a cikin kwanakin Sallah. Ba su da tambura da manyan baƙi irin na bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi, wanda kuma hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma wasannin da ake kira Kabanci a can, wato tseren jirage da nutso da kamun agwagwa da hannu, su ne dai 'yan ƙauyen nan suka tashi suna yi, kuma burin kowane saurayi a cikinsu shi ne wata rana a gan shi a Matan Fada ko a bikin Rigata na Yawuri.

Na ishe jirage shida a bakin ruwa, kowanne da mutum biyar. Gulbin ya kawo sabon ruwa, jajir da shi, yana tafe da ciyayi da rassan itatuwa. Sarkin Ruwan ƙauyen ya riga ya kafa iyaka: daga mashigi zuwa wata tsamiya, a juyo. Ya hana a kai wata kwana da ke can ƙasa, domin a cewarsa ba a san abin da ruwan ya binne a wurin ba.

A nan ne zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Ni ne na ce fagen ya yi gajere. Ni ne na zaro naira 10,000 daga ɗan abin da ya rage mini, na ɗaga sama na ce ta jirgin da ya fara kaiwa kwanar ce. Ni ne kuma, ina da shekara 43 da tumbin zaman ofis, na tuɓe babbar riga na ce a ba ni filafili. Sarkin Ruwa ya tafi sallar La'asar a lokacin. Saurayin da ke riƙe da jirgin da na shiga, wanda bai wuce shekara 22 ba, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Dokta, ruwan ga sabo na, a bari shi kwanta." Na yi dariya na ce ni na san gulbin nan tun ba a haife shi ba. Ya sunkuyar da kai. Wane yaro ne zai ja da Dokta a gaban jama'a?

Muna kan gaba sa'ad da muka isa kwanar. Abin da nake iya tunawa shi ne wata ƙara kamar an fasa ƙwarya, sai jirgin ya tsaya cik, ya karkace. Wani ƙaton kututture ne ruwa ya kawo ya maƙale a ƙarƙashi. Jirgin da ke biye da mu bai sami damar kaucewa ba, hancinsa ya daki cinyata ta hagu ya matse ni da gefen namu, sa'an nan duka biyun suka kife. Na iya iyo, amma ƙafa ɗaya ta ƙi bin umurnina, kuma duk yunƙurin da na yi sai ƙirjina ya amsa kamar ana soka mini wuƙa. Na ga hasken rana yana nisa a samana, launinsa kamar na kunun kanwa. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

An ce mini nutso uku aka yi kafin a lalubo ni. An ce a kan ƙyauren wani ɗaki aka ɗora ni, aka sa a amalanke har bakin hanyar mota. Kawuna ya aika aka kira maɗorin yankin, wani dattijo da ya gaji sana'ar daga kakanninsa. Ya tsuguna ya buɗe zanen da aka rufe ƙafar da shi, ya ga tsinin ƙashi ya huda fata, jini yana bin ƙyauren. Ya mayar da zanen ya ce, "Wagga karaya ba tawa ba ce. Ku kai shi ga likita, kada ku tsaya." Ya ɗaure ƙafar da karare domin kada ta yi ta motsi a hanya, ya ƙi karɓar ko sisi. Likitan da ya yi mini aiki daga baya ya ce da an ja ƙafar nan an ɗaure ta a gida, da ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashin, kuma da wuya a ce ba a yanke ta ba. A ajinmu na jami'a mun saba ɗora maɗora a layin masu jawo wa mutane asarar gaɓoɓi, kuma akwai masu yin hakan. Ni dai wanda na gamu da shi ya san iyakar saninsa, abin da ni mai digiri uku na kasa sani a wannan yammaci.

Wani mai a-kori-kura da ke dawowa daga cin kasuwa ya sauke buhunan da ya ɗauko a gefen hanya, ya bar yaronsa yana gadi, ya ɗauke ni. A asibitin farko suka tsayar da jinin, suka ce a wuce da ni Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100 daga Tambuwal. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashin cinya ya karye gida biyu, haƙarƙari uku sun tsage, ga ruwan gulbi da na shaƙa ya fara taɓa huhu. Ana bukatar jini, ana bukatar tiyata a zura ƙarfe a cikin ƙashin, ana bukatar magunguna masu tsada. Abin da ke asusuna na banki a wannan dare bai kai kuɗin buhun masara ba.

Labari ya isa Jabo kafin sallar Isha'i. Bayan an sallame, liman ya miƙe ya sanar, aka shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci. Kafin gari ya waye samari bakwai sun kamo hanyar Sakkwato a kan babura domin ba da jini, huɗu daga cikinsu nasu ya dace da nawa. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba a lokacin, alhali dukansu a unguwarmu aka haife su. 'Yan Jabo mazauna Sakkwato da Legas da Abuja suka buɗe zaure a WhatsApp. Abokan aikina, waɗanda su ma wata huɗu ke nan ba su ga albashi ba, suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Ɗaya daga cikinsu na ji daga baya cewa janaretansa ya sayar. Tsofaffin ɗalibaina, har da waɗanda na taɓa kayarwa a jarrabawa, suka yi ta turo saƙo. Mata a gari suka ba matata kwasar adashen da ba layinta ba ne. A rana ta uku aka shiga da ni ɗakin tiyata ba tare da an ci bashin kowa ba.

Mako biyar na yi a gadon asibiti. Wanda bai taɓa kwanciya irin wannan ba, ba zai san yadda take rage mutum ba. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ɗari uku in yi magana a yi tsit, sai ga ni ina jiran ƙanena ya ɗaga ni ya sa mini tasa. Ina salla a kwance da ishara. In na rufe ido sai in ga jan ruwan nan yana rufe ni, in farka ina haki, haƙarƙarina suna tuna mini inda nake. Akwai daren da na roƙi matata ta hana kowa shigowa, domin na gaji da ganin tausayi a fuskokin mutane.

Da aka sallame ni, iyalina suka so a zauna a Sakkwato kusa da likitoci. Mahaifiyata ta ce gida za a kai ni. Aka gyara mini zauren mahaifina, aka sa gado kusa da ƙofa inda zan riƙa ganin masu wucewa. A wannan zaure ne na ga yadda gari ke jinyar mutum. Wani malamin asibiti mai ritaya yakan zo kowace safiya ya wanke ciwon, ya duba ko ya yi ruwa, bai taɓa fashi ba. Likitan gashin ƙashi a Sakkwato ya zana mana a takarda irin motsa jikin da zan riƙa yi. Wani kafinta ya dubi zanen, ya je ya saro itacen dogonyaro ya kafa mini sanduna biyu a tsakar gida, in riƙa dafawa ina koyon taku. Wanzami yakan zo ranar Alhamis. Bayan La'asar dattawa kan shimfiɗa tabarma a ƙofar zauren, su yi ta hirar farashin taki da rigimar iyakar gona, ba mai tambayata ya jiki fiye da sau ɗaya. Sai daga baya na gane hikimar hakan: sun mayar da majalisarsu wurina ne domin kada in zauna ni kaɗai da tunanina.

Gonar da na shuka kuwa ban ƙara taka ta ba a wannan damina. A watan Agusta aka yi mata gayya aka yi maimai. Da gero ya nuna aka sake taruwa aka girbe, aka ɗaure, aka jero dammuna a kan amalanke har ƙofar rumbu. Ina kwance ina jin waƙar samari da ƙarar takalman shanu, na juya fuskata bango na yi kuka. Da aka janye yajin aiki a Oktoba, abokan aikina suka raba darussana a tsakaninsu har ƙarshen zango.

Duk wannan alheri, maimakon ya sanyaya mini rai, sai ya riƙa yi mini nauyi. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta shigo wata rana ta kwance bakin zanenta ta ajiye naira 200 a gefen matashina. Na ce ta mayar, na gode. Ta fita ba ta ce komai ba. Da dare Inna ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ce, "Mi ya sa ka mai da mata kuɗɗinta?" Na ce, "Inna, ta fi ni bukata." Ta ce, "Ba kai anka ba ba. Ubanka anka biya." Sa'an nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. A yunwar da ta biyo bayan farin 1984, ina ɗan shekara biyar, mahaifina ya buɗe rumbunsa ya ranta wa gidaje hatsi, ya ce a biya in Allah Ya kawo damina mai kyau, kuma bai taɓa bin kowa ba. Gidan wannan tsohuwa na cikinsu. Shi ne mai fara isa maƙabarta da gatari in an yi rasuwa, shi ne mai raka marar lafiya asibiti. Inna ta ce, "Kai kau mi ka aje? Amshi abin da anka ba ka, ka yi shiru." Da safe na aika aka ba tsohuwar haƙuri, na karɓi naira 200 ɗina.

Wannan magana ta sauya yadda nake karanta littafin. Hausawa na kiran irin wannan gudummawa biki, kuma kowa ya san biki bashi ne. Abin da nake ci a zauren nan ajiyar wani ce, wanda ya shekara goma sha ɗaya a kabari. Ni da na yi shekara ashirin ina aiko da gaisuwa ta waya, ban zuba komai a rumbun da nake ɗiba ba.

Ranar wata Juma'a a watan Disamba na fara fita masallaci a kan sanduna biyu. Tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba ta ɗauke ni fiye da rabin sa'a. Wani yaro ya riƙe mini dardumata, mutane suna wuce ni suna rage sauri, ba wanda ya ce in yi hanzari, ba kuma wanda ya ce in koma. Na ɗauka a ranar ce jinyata ta ƙare. Ashe da saura.

A watan Janairun 2023 na zauna da littafin ina bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, domin in san wanda zan je in gode wa in ƙafa ta yi ƙwari. A shafi na uku, cikin waɗanda suka kawo nasu tun a daren farko, na ga wani suna da ban gane ba, a gabansa naira 500. Na tambayi ƙanwata, ta ce wani ne ya kawo a madadin mai sunan daga ƙauyen su Inna. Da Kawu ya zo dubiya na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Yaron da yat tuƙa ku na."

A ranar na ji sauran labarin. Shi ne ya yi nutso ukun nan, kuma ya yi su ne da karyayyen hannu, domin jirgin ya daki tsintsiyar hannunsa ta dama sa'ad da ya kife. Da aka tafi da ni, hankalin kowa ya bi motar, shi kuma ya koma gida shi kaɗai, sai washegari aka ɗora masa hannun. Jirgin da ya fashe na mahaifinsa ne, da shi suke su, da shi suke fiton mutane ranar kasuwa, kuma ba a gama biyan kuɗinsa ba. Mutanen ƙauyen suka ɗora masa laifin ƙetare iyakar da aka kafa da kuma kusan kashe Dokta. Sarkin Ruwa ya hana shi riƙe filafili har shekara guda. Babu wanda ya ambaci naira 10,000 ɗina, shi ma bai ambata ba. Naira 500 da ya aiko, rance ya ci. Da hannun ya ɗan warke, a karkace, sai ya tafi Jega yana dako a kasuwa.

Ba a shimfiɗa masa rawani a ƙofar masallaci ba. Ba a buɗe masa zaure a WhatsApp ba. Mutum 314 suka taru a kan wanda ya jawo haɗarin, wanda ya yi ceton kuwa aka bar shi da uwarsa.

Ba na faɗin haka don in rage darajar abin da aka yi mini. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ni na ci. Amma gaskiya ita ce taimakonmu yana da ido. Yana ganin mai suna, da ɗan mai suna, da wanda ake sa ran gobe zai sama wa yaro gurbin karatu. Rumbun da mahaifina ya cika ya yi mini rana, to wanda mahaifinsa bai taɓa mallakar rumbu ba fa? Tsarin da ke biyan alherin iyaye ga 'ya'yansu yana da kyau matuƙa, sai dai haka nan yake gadar wa ɗan talaka rashin gatan ubansa.

Da na sami ƙarfin zama a mota, na sa aka kai ni ƙauyen, na aika aka kira saurayin daga Jega. Bayan sallar Juma'a, a gaban Sarkin Ruwa da kawunnaina da samarin da suka yi tseren, na dogara sandata na faɗi abin da ya faru kamar yadda na rubuta shi a nan: wanda ya ƙara tsawon fage, wanda ya sa kuɗi, wanda aka gargaɗa ya yi dariya. Ban taɓa yin laccar da ta yi mini wuya kamar wannan ba. Sarkin Ruwa ya yi shiru, sa'an nan ya ce da ma ya ji ƙishin-ƙishin, amma ba ya yanke hukunci a kan mutumin da ke kwance. Ya ɗage takunkumin nan take. Na nemi gafarar saurayin, ya ce, "Ba komi, Dokta, Allah Ya ƙaddaro." Na so a ce ya yi fushi, da ya fi mini sauƙi. Da albashi ya dawo na biya sauran bashin tsohon jirgin, muka sa aka sassaƙa sabo. Na kai shi wurin likitan ƙashi a Sakkwato, aka ce hannun ya riga ya haɗe a yadda yake, gyaransa sai an sake karyawa, kuma ba tabbas. Ya ce a bar shi haka. Har yau ba ya iya dunƙule shi sosai.

Akwai abu na biyu da littafin ya nuna mini. Wata uku kafin haɗarina, a watan Afrilun 2022, jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyarmu, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa masu zuwa neman itacen girki. Shekara guda kafin nan, a Mayun 2021, wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Warra ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. Na karanta duka biyun a wayata, na rubuta ta'aziyya a Facebook, sa'an nan na shiga kwale-kwale a kan sabon ruwa ba rigar kariya. Ina cikin koyon tafiya kuma, a Mayun 2023, aka sake rasa yara 15 a Dandeji, nan dai ƙasar Shagari. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da rashin rigar kariya, amma jami'inta ba zai tsaya a kowane mashigi na kowane ƙauye ba. Da na tara jimlar abin da ke cikin littafin, sai na ga ya isa a saya wa kowane jirgi a mashigin kawunnaina rigunan kariya, har a yi ragi. Mun iya taruwa bayan an faɗi, kuma babu wanda ya fi mu iya wannan. Taruwa kafin a faɗi ce har yanzu ba mu saba da ita ba, ko da yake kullum bakinmu na cewa rigakafi ya fi magani.

Wasu sun ba da shawarar a hana tseren baki ɗaya. Ban goyi bayansu ba, ko da yake ni ne mai ƙarfe a cinya. A wannan wasa ne samarin Sarkawa ke koyon karanta ruwa, da juya jirgi a ƙurarren wuri, da riƙe numfashi a ƙarƙashi. Hannun da ya lalubo ni a cikin jan ruwa a can ya sami horo, kuma ranar da jirgin kasuwa ya kife, waɗannan samari ne za su fara faɗawa, tun kafin labari ya kai hedikwatar ƙaramar hukuma. Abin da muka daidaita a kai da Sarkin Ruwa mai sauƙi ne: ba tsere a kan sabon ruwa, kafin a fara, a bi fagen da gwangwala a tabbatar babu abin da ya nutse, jirgi ɗaya ya tsaya a gefe da masu nutso biyu, kowa ya sa riga, kuma baƙo, kome girman rigarsa, ba shi da ikon sauya iyaka. Wannan na ƙarshe ni na roƙa a saka.

A Jabo kuma mun fara wani ɗan asusu a unguwarmu, wanda ake zuba wa abin da ya sawwaƙa duk wata, ana ajiye lissafinsa a hannun mutum uku. Sharaɗinsa ɗaya ne: in haɗari ya auku, a fara tambayar mutum nawa abin ya shafa, kafin a tambayi ɗan wane ne. Bai yi ƙarfi ba tukuna, kuma akwai watannin da ba a samun ko rabin masu zubi. Amma ya riga ya kai wata mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ya kuma biya kuɗin ɗinkin wani yaro da amalanke ya taka. Ina kira ga 'yan'uwana 'yan boko na Tambuwal da Kebbe da Shagari, waɗanda ke zaune a birane kamar yadda na zauna, da su tambayi kansu abin da Inna ta tambaye ni. Iyayenmu sun yi mana ajiya, muna ta ci. 'Ya'yanmu da aka haifa a gidajen haya na Sakkwato da Abuja, wa zai shimfiɗa musu rawani?

Da kaka ta bara na koma bakin gulbin. Ruwa ya kwanta, ya yi garau, ana hango yashi a ƙasa. Kututturen yana nan a kwanar, ya fito fili ya bushe, yara suna hawa suna tsalle. Na daɗe a tsaye a mashigi, gwiwoyina suna rawa, har sai da saurayin ya turo sabon jirgin ya ce, "Dokta, shigo in fisshe ka." Ya miƙo mini rigar kariya, ya jira har na ɗaure igiyoyinta duka uku, ya ja ɗaya ya ga ta kama. Na zauna a inda ya nuna mini. Ya kama filafili da karkataccen hannunsa, muka haye, muka dawo, ban ce masa uffan a kan yadda zai yi tuƙinsa ba.

Da na koma gida na buɗe littafin. Akwai sauran shafi huɗu da ba a rubuta komai ba a ƙarshensa. A can na fara rubuta abin da ni ma na kai wa wasu, da kwanan wata. Zuwa yau layi 19 ne.